Yadda Ake Gane Gejin Matsin Fetur Mai Ƙarya a Tsohuwar Mota Mai Kabureta

Wani Alhaji daga Aboabo ya kawo mana Peugeot 504 gareji a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Gana, motar da ya gada daga mahaifinsa, wadda ba ya fita da ita sai ranar Juma'a da ranakun biki. Ɗansa ne ya ɗaura mata ƙaramin gejin matsin fetur a ƙarƙashin bonet, mai ruwa a ciki, kyakkyawa da shi. Alhaji ya ce mini, "Masta, da safe allurar tana kan 3. In na shiga cunkoson Kejetia na fito na buɗe bonet, sai in tarar ta kwanta kan sifili." Kafin ya zo wurinmu an riga an canza masa famfon mai, an sa na lantarki da regileta mai daidaita matsin mai, an kuma yi ta murɗa regiletar da injin yana da zafi har allura ta koma kan 3. Daga ranar motar ta fara baƙin hayaƙi, warin fetur ya cika ta, in an kashe ta da zafi ba ta tashi sai an sha wuya. Na ce, "Alhaji, kafin a murɗa, motar tana mutuwa a hanya?" Ya ce ko sau ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, kuma duk a kan shaidar geji ɗaya da ba wanda ya tuhuma.

Abin da zan bi da kai a nan shi ne tsarin da nake bi in irin wannan ta zo. Tsarin yana da muhimmanci, domin in ka fara daga famfo ko regileta za ka gyara abin da bai lalace ba.

Fara da sanin lambar da kake nema

Kabureta ba ta son matsi mai yawa. A cikinta akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa, da fulot mai iyo a kansa, da allura mai toshe ƙofar shigowa in kwanon ya cika. Duk wanda ya taɓa leƙa tankin ruwa na saman gida ya ga ƙwallon da ke rufe famfo in tankin ya cika, to aiki iri ɗaya ne. Injin yana zuƙar fetur daga kwanon da iskar da yake ja. Aikin famfon mai kawai ya tabbatar kwanon bai bushe ba. In matsin ya fi ƙarfin fulot, sai ya ture allurar, kwanon ya yi ambaliya, fetur ya riƙa zuba cikin inji ba a nema ba.

Shi ya sa lambobin ƙanana ne. Kaburetar Solex irin ta Peugeot da Volkswagen Beetle wajen psi 3 take so, psi kuwa shi ne ma'aunin matsi da ke fuskar geji. Weber 32/36, wadda mutane ke yawan sa wa tsofaffin motoci a madadin ta asali, tsakanin 2.5 da 3.5. SU ta motocin Ingila daga 1.5 zuwa 3.5. Manyan kaburetocin Amurka ne ke ɗaukar fiye da haka: Holley 5 zuwa 7, Edelbrock kuma kada a wuce 6. Kwatanta da motar zamani mai injekta, wadda yawancinsu ke aiki da psi 35 zuwa 60. In kana da littafin motarka, lambar da ke ciki ita ce gaba da tawa. Littattafan Faransa da Jamus sukan rubuta da bar ko kg/cm², kuma bar 1 daidai yake da psi 14.5, wato psi 3 kusan bar 0.2 ne. Na sha ganin yaro ya karanta layin ciki na geji maimakon na waje, ya ga 0.2 ya ce babu mai. Duba wane layi kake karantawa tun kafin ka ɗauki sifana.

Kafin ka taɓa tiyo

A Magazine maƙwabcinka na dama mai walda ne, na hagu yana yankan ƙarfe da gas. Ja motar nesa da tartsatsi, ka ajiye abin kashe wuta kusa, ka cire wayar batir ta negetif duk lokacin da za ka kwance tiyon mai. Tsumma a ƙarƙashin mahaɗa, roba ta tarar fetur, ba sigari. Kuma a daina zuƙar fetur da baki, ko da kowa yana yi.

Mataki na farko: tambayi injin

Injin shi ne shaida na farko, geji na biyu. Kwanon kabureta bai fi ɗan ƙaramin kofin shayi ba, feturin da ke ciki ba zai kai mota nesa ba. Saboda haka in geji ya ce sifili amma motar ta yi minti goma tana gudu a kan titi ba ta yi tari ba, fetur yana zuwa, magana ta ƙare.

Ƙarancin matsi na gaske yana da kamanninsa. Motar tana silo lafiya, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, tana yawo cikin unguwa lafiya, amma in ka daɗe da taka totur ko ka kama hawa mai tsawo, irin hawan dutsen Mampong ko na Aburi ga mutanen Accra, sai ta fara shaƙewa kamar an riƙe ta ta baya. Ka ɗaga ƙafa ko ka tsaya minti biyu, kwanon ya sake cika, ta dawo kamar ba ita ba. Yawan matsi kuma akasin haka: baƙin hayaƙi a salansa, fulogi baƙi ƙirin da toka, silo yana hawa da sauka, shan mai ya ƙaru, jikin kabureta a jiƙe. Cire tukunyar iska ka leƙa maƙogwaron kabureta da tocila injin yana silo, fuskarka a gefe ba a kansa ba. In ka ga fetur yana ɗiga daga bututun tsakiya, kwanon ya wuce iyaka. Wannan na iya zama matsi, yana iya zama fulot da ya huje ko allura da ta ci, amma dai ka san inda za ka dosa.

In abin da injin ke nunawa da abin da geji ke faɗa sun yi hannun riga, to gejin za ka fara tuhuma.

Mataki na biyu: gejin ya dace da aikin?

Duba lambar ƙarshe a fuskarsa. Kuskuren geji ana lissafa shi ne da kaso na dukan ma'auninsa, ba na abin da kake aunawa ba. Gejin kasuwa na yau da kullum yakan yi kuskuren kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. A geji mai kaiwa psi 100, wannan psi 2 zuwa 3 ne, wato kuskuren kaɗai ya kai dukan abin da Solex ke buƙata. A geji mai kaiwa 15, kuskuren bai kai rabin psi ba. Yawancin gejin da za ka tarar a shagunan kayan mota, a nan Magazine ko a Abossey Okai ta Accra, na motocin injekta ne ko na man inji, domin su ne ake nema yanzu. Ka dage sai an ba ka mai 0 zuwa 15, in da hali ma 0 zuwa 10, yadda lambar da kake nema za ta faɗo kusa da tsakiyar fuska, inda geji ya fi gaskiya.

Sai ka kwance shi ka riƙe a hannu. Allura ta koma sifili? In ta tsaya sama da shi, ƙila an taɓa ɗora gejin a motar injekta. A cikin kowane irin wannan geji akwai lanƙwasasshen bututun tagulla mai kama da ƙugiya, wanda wani Bafaranshe, Eugène Bourdon, ya yi wa rajista a 1849. Matsi yana shiga ya ɗan miƙar da shi, motsin ya juya allura ta ƙananan haƙora. In aka ba shi psi 50 alhali an yi shi don 15, ya miƙe ke nan har abada. Wannan ba ya gyaruwa, a jefar.

Lura da ɗan ƙusan da allura ke jingina a kai a wurin sifili. Yana ɓoye laifi: allurar na iya son sauka ƙasa da sifili, ƙusan ya tare ta, kai kuwa ka ga kamar daidai take, alhali psi ɗaya na farko zai tafi ne wajen ɗaga ta daga ƙusan. Sannan ka ƙwanƙwasa gilashin da farce lokacin da yake ƙarƙashin matsi. In allura ta yi tsalle ta sauya wuri, haƙoran ciki sun ci ko sun yi datti, abin da jijjigar inji ke jawowa.

Mataki na uku: zafi, babban mai laifi

Nan ne motar Alhaji ta faɗo, kuma nan ne mafi yawan irin wannan ƙorafi ke ƙarewa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Geji mai ruwa a ciki, ruwan nan gilisarin ne ko man silikon, an zuba shi don ya hana allura rawa. Don kada ya zube, an rufe akwatin gejin ruf, da toshiyar roba a samansa. To shi bututun Bourdon ba ya auna matsin fetur shi kaɗai. Yana auna bambanci ne tsakanin matsin da ke cikinsa da matsin da ke kewaye da shi. A geji busasshe abin da ke kewaye da shi iskar duniya ce. A geji mai ruwa kuwa akwatin rufaffe ne. In inji ya yi zafi, ruwan da 'yar iskar da ke samansa su kumbura, ba su da wurin fita, sai su matse bututun daga waje. Fetur yana tura shi da psi 3 daga ciki, akwati yana tura shi da psi 2 ko 3 daga waje, allura ta nuna 1 ko sifili. A gejin da ke auna psi ɗari uku ba wanda zai lura da wannan. A namu, shi ne dukan karatun. Ka haɗa da ranar Kumasi ta watan Fabrairu da Maris da tsayuwa a shataletalen Suame, ka ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet.

Gwajin ba ya cin ko sidi ɗaya. Bari injin ya yi zafi har allura ta sauka. Jiƙa tsumma da ruwan sanyi, ruwan leda ɗaya ya isa, ka naɗe jikin gejin, kana kiyaye kada ruwa ya zuba kan distiributa. In cikin minti ɗaya ko biyu allura ta fara hawa, ka kama ɓarawo. Hanya ta biyu ta fi sauri: sa farce ko bakin ƙaramin sukudireba ka ɗan ɗaga gefen toshiyar robar. Za ka ji ɗan huci, allura ta yi tsalle ta koma wurinta nan take. Da na yi wa gejin Alhaji haka, allurar da aka saita kan 3 ta haye ta wuce 6. Ya dafa ƙeya ya ce, "Ashe ni na biya kuɗi aka shaƙe mini mota."

Akwai kuma juyin wannan, wanda ba kowa ke lura da shi ba. In ka saki iskar da zafi ka mayar da toshiya, washegari da safe akwatin ya huce, iskar ciki ta tsuke, sai gejin ya nuna fiye da gaskiya, har ka ga allura sama da sifili injin a kashe. Don haka doka ita ce a ɗaga toshiya kafin kowane karatu. Wasu gejin suna da ɗan hannu a kan toshiyar na buɗewa da rufewa, wasu kuma ɗan tsini ne da ake yankewa. In ka yanke, dole gejin ya tsaya a miƙe toshiya a sama, in ba haka ba gilisarin zai tsiyaye. Ni a ra'ayina geji mai ruwa ba shi da wurin zama a ƙarƙashin bonet ɗin mota mai kabureta. Busasshe ya fi, ko da allurarsa tana rawa.

Ita ma rawar ba laifi ba ce. Famfon mai na inji kamshaf ne ke buga shi, sau ɗaya a kowane juyi biyu na inji. A silo na juyi 800 a minti, bugu 400 ke nan, kuma busasshen geji zai nuna kowanne. Karanta tsakiyar rawar. In tana damunka, akwai ɗan maƙalli mai siririn rami da ake sa wa a gindin geji ya rage ta. Sai dai shi ma ramin yana toshewa da tsatsar tanki, kuma alamar haka ita ce allura mai nauyin jiki: ta hau a hankali, ta ƙi sauka bayan an kashe inji, ko ta maƙale wuri ɗaya ko me inji yake yi.

Mataki na huɗu: auna gejin da ruwa

Mutane kan ce a gwada da geji na biyu. Daidai ne, kuma wanda ya fi dacewa shi ne tsohon gejin nan na makanikai mai auna zuƙar iska a gefe ɗaya da matsin famfon mai har wajen psi 10 a ɗaya gefen. Haɗa su biyun a kan mahaɗa mai baki uku su sha daga tiyo ɗaya. Amma in sun saɓa, wa ka gaskata? Ga alƙalin da ba ya karɓar cin hanci.

Ruwa mai tsayin santimita 70 yana danna ƙasansa da psi 1. Wannan ba ya canzawa, kuma faɗin tiyo bai shafe shi ba. Nemi farar tiyo mai nuna ciki, irin wadda magina ke daidaita gini da ita, mita huɗu ko biyar. Ɗaura gejin a ɗaya daga bakunan tiyon ka matse da kilif, ka ajiye shi a ƙasa. Cika tiyon da ruwa, ka kaɗa shi kumfa ya fita. Yaro ya hau tsani ko bene da ɗaya bakin, kai kana aunawa da tef daga tsakiyar geji zuwa saman ruwan, a miƙe sama, ba bin tsawon tiyo ba. Santimita 70, allura ta nuna 1. A 140 ta nuna 2, a 210 ta nuna 3, a 280 ta nuna 4, a 350 ta nuna 5. Yi shi kana hawa, ka sake kana sauka. In ya nuna 3 a hawa amma 3.5 a sauka a tsayi ɗaya, cikinsa yana kamawa. In kuskurensa ɗaya ne ko'ina, misali kullum rabin psi ƙasa, za ka iya aiki da shi, ka rubuta a jikinsa. Bayan ka gama ka kaɗe ruwan sosai, ka ɗauraye da ɗan fetur kafin ya koma mota.

Wannan lissafin yana da wani amfani. Fetur ya fi ruwa sauƙi, mita ɗaya na tsayinsa kusan psi 1 ne. In ka ja dogon tiyo ka ɗaga geji rabin mita sama da kabureta, zai rage maka kusan rabin psi. A motar da ke son 3 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Riƙe geji daidai da tsayin ƙofar shigar mai ta kabureta in kana son lamba ta gaskiya.

Mataki na biyar: ina aka ɗaura shi?

Geji mai lafiya a wurin da bai dace ba shi ma shaidar zur zai bayar. Wurinsa shi ne bayan famfo, bayan filta, bayan regileta, dab da kabureta. In yana kafin regileta, ƙarfin famfo yake nuna maka, ka murɗa regileta har gobe allura ba za ta bi ka ba. In yana kafin filta, filtar na iya toshewa kabureta tana yunwa, shi kuwa yana nuna komai lafiya, har ma da ƙari. Wasu motocin, kamar Mercedes-Benz 200 mai kaburetar Stromberg, suna da tiyo na biyu mai mayar da rarar mai tanki. In aka yi kuskure aka ɗaura geji a kan wannan, kusan sifili zai nuna har abada. Bi tiyon da hannunka daga famfo zuwa kabureta, kada ka yarda da ido.

Duba zaren mahaɗa ma. Akwai na Amurka mai zare 27 a inci da na Ingila mai 28, duka ana ce musu ɗaya bisa takwas, kuma suna shiga juna juyi biyu ko uku kafin su cije. A ƙasar nan duka biyun suna yawo. Haɗin da aka tilasta yana tsatsafa, ga haɗarin wuta. Farin tef na masu gyaran famfo kuma, in aka naɗa shi har bakin zare, guntunsa yakan yanke ya toshe ramin geji ko ya maƙale a allurar kabureta. Bar zare biyu na farko tsirara.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: kada ka ja tiyon fetur zuwa cikin mota don ka ga geji a dashbod. In kana son gani kana tuƙi, fito da gejin ta bayan bonet ka manna shi da tef a gilashin gaba ta waje, na gwaji kawai, ka tuna da ragin tsayin da na faɗa. Na dindindin kuwa sai na lantarki.

In gejin na lantarki ne

Shi wannan kashi biyu ne, sanda mai jin matsi a kan tiyo da agogon da ke dashbod, kuma dole su zama 'yan gida ɗaya. Akwai tsarin Turai mai ohm 10 zuwa 180, akwai na Amurka mai 240 zuwa 33, wanda ma juye yake tafiya. In an gauraya, ko an sa sandar man inji mai psi 80 a agogon psi 15, lambar ba ta da ma'ana. Sanda mai waya ɗaya ta jikinta take samun at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, to in an ɗaura ta a tsakiyar tiyon roba, ko an naɗe zarenta da tef, ba ta da hanyar komawa. Ja mata waya daga jikinta zuwa inji ka ga ko allura ta natsu. Kunna fitilu da hon kana kallon agogon: in allura ta motsa, at ɗin dashbod ne ya yi tsatsa, abin da ya zama ruwan dare a motar da ta haura shekara arba'in. Cire wayar sanda, allura ta tafi ƙarshe ɗaya. Taɓa ta a jikin inji na ɗan lokaci, ta tafi ɗaya ƙarshen. In ta yi haka agogo da waya lafiya, sandar ce. Wannan gwajin na mai waya ɗaya ne kawai. Mai waya uku da mitar wuta ake auna ta: yawanci rabin bolt in babu matsi, 4.5 in ya kai ƙarshe.

Mataki na shida: in gejin ya fita da gaskiyarsa

To yanzu ne ka sami izinin tuhumar mota. Ɗauki karatu huɗu ka rubuta: silo da sanyi, silo da zafi, inji a wajen juyi 2,500, da kuma a kan hanya ana hawa. Ɗan raguwa in an taka totur ba komai ba ne. Faɗuwa zuwa kusa da sifili tare da shaƙewa shi ne matsala.

Matsi ba shi ne yawa ba. Famfo na iya nuna psi 3 a silo ta tiyon da ya kusa toshewa, domin a silo ɗigo kaɗan ake buƙata. Cire tiyon daga kabureta ka sa a kwalba mai awo, ka tada injin ya ci abin da ke kwano. Ga manyan injuna masu silinda shida ko takwas, abin da aka saba nema shi ne kusan rabin lita a daƙiƙa 30. Ƙananan masu huɗu ba sa kai haka, amma dole ka ga mai yana fita da ƙarfi, bugu bayan bugu, ba kumfa. In akwai kumfa, famfon yana zuƙar iska ta tsagaggen tiyo ko sakakken kilif tsakaninsa da tanki. Irin wannan tsaga sau da yawa ba ta ɗiga, shi ya sa ba a ganinta. Sa guntun farar tiyo kafin famfo na ɗan lokaci, za ka ga kumfar da idonka.

In matsi yana raguwa sannu a hankali bayan tafiyar minti ashirin, tsaya ka buɗe murfin tanki. Ka ji ya ja iska, fuu, kuma matsi ya dawo? Ramin numfashin tanki ya toshe, ko an sa murfin da ba nasa ba. In kuma sai ka tsaya minti biyar yake dawowa ko ba ka buɗe murfi ba, tsatsa ce ke taruwa a bakin bututun cikin tanki, ta saki in famfo ya daina ja. Motar da ke kwana wata guda da rabin tanki a damina tana tara raɓa a ciki, tsatsa kuwa daga nan take.

Sai tafasar fetur. In tiyo ya bi kusa da manifol na salansa, fetur yakan zama tururi a ciki, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Allura za ta riƙa hauka, ta hau ta faɗi, injin yana tari. Bambancinsa da ƙaryar geji mai ruwa shi ne nan injin ma yana kuka, kuma jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da tiyo ne ke kawo sauƙi, ba a kan geji ba. Maganinsa a kawar da tiyon daga zafi, a mayar da farantin kare zafi da kaurin gasket na ƙarƙashin kabureta in an cire su.

Kashe injin ka zuba wa allura ido. Ya kamata ta riƙe na ɗan lokaci. Ta ma iya ɗan hawa a mintunan farko saboda zafin da ya taru, wannan ba laifi ba ne. In ta faɗi nan take, matse tiyon roba tsakanin geji da kabureta ka sake gwadawa. Ta riƙe? Allurar kabureta ce ke yoyo. Ta sake faɗuwa? Bawul ɗin cikin famfo ne. Zaro sandar duba man inji ka shinshina: in kana jin fetur ko man ya ƙaru da kansa, fatar robar cikin famfo ta yage tana zubar da fetur cikin inji. Kada motar ta motsa sai an canza famfo da man duka.

In matsin ya yi yawa da gaske, yawanci sabon famfo ne mai sifirin da ya fi na asali ƙarfi, ko famfon lantarki da ba na kabureta ba. A Beetle akwai sandar tura famfo iri biyu, mai milimita 108 da mai 100, kowace da famfonta, kuma in aka haɗa doguwar da famfon gajeriyar matsi yakan haura. A irin wannan injin ƙara gasket a ƙarƙashin famfo yana rage shi kaɗan-kaɗan. In regileta za ka sa, sayi mai ƙaramin zango. Holley, misali, tana da mai psi 1 zuwa 4 da mai 4.5 zuwa 9, kuma ta biyun ba za ta taɓa sauka inda Solex ke so ba. Ana saita ta ne injin yana aiki, mai yana gudana. Murɗa kwata, ka ɗan taka totur, ka jira allura ta zauna, sannan ka ƙara. Masu lamba a jikin murfi da ake juyawa kamar rediyo, kada ka ɗauki lambar a bakin komai sai geji ya tabbatar. Famfon lantarki kuma a ɗaura shi ƙasa kusa da tanki, domin ya fi iya turawa da ja, a kuma auna wutar da ke isa gare shi injin yana aiki. In batir yana nuna bolt 14 famfo yana samun 11, matsin zai bi wutar ya sauka.

A motar Alhaji mun mayar da regileta kan 3 da busasshen gejin da muka auna da ruwa, muka wanke fulogi, muka canza man inji saboda feturin da ya sauka ciki. Gejin ɗansa kuma na cire na toshe ramin, na ba shi a leda. Lambobin huɗu na rubuta su da alƙalamin maka a cikin bonet tare da kwanan wata, yadda duk bakaniken da ya buɗe bayana zai san daga inda aka tashi.